Dogo na Biyu

Ranar Juma'a bayan la'asar Basiru, ɗan yayana Musa, ya same ni a ahwa, shagon shayin da ke bakin layinmu a unguwar Arba wa Nus, nan Alƙahira, shi da abokansa biyu. Ya turo mini waya har kusa da hanci. Bidiyon ƙwallon Ostareliya ne, wani Bature ya taka kafaɗar wani da gwiwa ya cafe ƙwallo a sama, jama'a na ihu. Ya ce, "Baffa Haruna, na fa kamo ka a tsawo." So yake in ɗauke shi bidiyo yana tsalle in aika wa mutanen da na sani a can, tunda na yi shekara takwas ina wannan wasa a matsayin sana'a. Ɗaya abokin ya ce ai wasan ma ba wuya, ƙwallon da aka yarda ka kama da hannu, ga raga ba gola. Suka yi dariya. Na ce ba zan aika ba, na bar shayina rabi na tashi. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ni da Basiru. To ga abin da ban faɗa ba a ranar. Ku saurara, ku ukun, da duk wanda ya ga wannan bidiyo ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi.

Ni ban zaɓi wannan wasa ba. An haife ni a Sudan, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Uwata ta rasu ina ƙarami, Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ita ta raine ni. Da zama ya gagara muka gangaro Alƙahira gaba ɗaya, muka tare a ɗaki biyu a nan unguwar, Baba yana gyaran takalma a ƙarƙashin bene, inda mai sayar da ful, dafaffen waken nan, yake yanzu. Da takardun Gwaggo na tafiya Ostareliya suka fito, sunana na ciki. Baba ko neman nasa bai yi ba. Ya ce kakansa ya shekara bakwai a hanya don ya matso kusa da Ka'aba, shi ba zai hau jirgi ya yi nisa da ita ba. Ya zauna da Yaya Musa, ni na tafi ina da shekara goma sha uku. A makarantar da aka sa ni a bayan garin Melbon, malamin motsa jiki ya dube ni daga ƙasa har sama, ya yi wata magana da ban ji ba, ya miƙo mini wani abu ja mai kamar gwanda. Khalas, shi ke nan, daga nan aka fara.

Wannan gwandar ita ce kayan aiki na farko, kuma ba ta da amana. Fata ce mai tsini biyu, da ɗinki a gefe ɗaya kamar igiyar takalmi. Ƙwallon da kuke bugawa a nan, in ta faɗi kun san inda za ta nufa. Wannan in ta faɗi sai Allah: ta iya zuwa ƙirjinka, ta iya komawa baya ta bar ka kana rungumar iska. Buga ta ma karatu ne. Za ka riƙe ta da hannu biyu, ɗinkin yana kallon inda kake so ta je, ka saki hannu ɗaya, ka raka ta da ɗayan har kusa da ƙafa, ta sauka a miƙe a kan gadon ƙafarka, sai ta tafi tana juyawa da baya. In ta karkace ko da faɗin farce ne, ta tafi gidan maƙwabta. 'Ya'yan Turawa tun suna shekara huɗu iyayensu ke koya musu wannan a bayan gida. Ni na makara da shekara tara, kuma ban taɓa cike giɓin ba. Shekara biyu ina tsayawa a fili bayan an tashi, ina auna wata garwar shara daga taku talatin. Duk da haka har na bar wasa, in na tsaya zan buga nakan ji 'yan kallo sun ja numfashi. Namu ma ba su yarda da ƙafata ba.

Kun ce raga ba gola, gaskiya ne. Sanduna huɗu ne dogaye a kowane ƙarshe, in ta bi tsakanin na tsakiya maki shida, in ta bi gefe maki ɗaya. Amma kafin ka kai can, filin ya fi naku girma nesa ba kusa ba, mutum goma sha takwas a kowane ɓangare, kuma babu dokar satar gida. Wato mutum na iya zuwa maka ta gaba, ta gefe, ta baya. Kana ɗaga kai kana bin ƙwallo da ido, wani ƙato mai nauyin buhun shinkafa biyu ya taho a guje, kuma doka ta ba shi damar ya dasa gwiwarsa a gadon bayanka. Wanda aka taka a bidiyon nan, ba wanda ya tambayi lafiyar ƙodarsa. Ni na yi fitsarin jini kwana uku bayan irin wannan. Garkuwarka duka ba ta wuce robar da ake cusawa a baki saboda haƙora ba. Riga 'yar shara, wando ɗan guntu. Sau ɗaya Gwaggo ta zo kallo, ta gan ni cikin wandon nan gaban dubban mutane, ta rufe fuska da mayafi, ba ta ƙara zuwa ba.

Ina da shekara goma sha tara wani kulob na babban rukuni ya ɗauke ni a sahun 'yan koyo, kwantiragin shekara ɗaya. Aikina guda ne, tsalle. A farkon wasa da bayan kowane ci, alƙali yana doka ƙwallo da ƙasa a tsakiyar fili ta tashi sama, dogaye biyu su taho a guje su yi tsalle, kowa na son ya riga taɓa ta ya tura wa nasa. Wanda ya koya mini sunansa Mik, shi ne dogon kulob ɗin na farko, ɗan manoma, ya ba talatin baya, yana tafiya kamar an ɗaura masa itace a ƙafafu. Ranar farko ko sannu bai ce mini ba. Ya zana da'ira a ƙasa da tsinin takalmi, ya tsayar da ni a tsakiya, ya ce in ɗauka agogo ne, gabana sha biyu, bayana shida. Ya jera robobin ruwa a kan lambobin. Yana cilla ƙwallo sama yana kiran lamba, ni kuma in tashi in taɓa ta da tafin hannu ta sauka a kan robar. Ba duka ba, taɓawa, kamar mai shafa kan jariri. Wata uku muna wannan. Sannan ya koya mini karanta alamun abokan wasa: in wane ya ja safarsa ta hagu, ƙarfe biyu yake so, in ya sosa ƙeya, a jefa masa baya. Darasi na ƙarshe shi ne gwiwa. Kana tashi sama gwiwarka ɗaya na gaba, ta abokin karawarka ma haka, ƙashi ya haɗu da ƙashi, sau ashirin, sau talatin a wasa ɗaya. Na tambaye shi yadda ake kaucewa.

Ya ce, "Ba a kaucewa, zaɓa ake yi. Wace gwiwa ce ba ka so?"

Na zaɓi ta dama. Da ya ga hannuna ya fara faɗawa, ya gaya mini a fili cewa wuƙar da zan yanka shi yake wasa mini, don kulob ba ya ajiye dogaye da yawa. Bai fasa koyarwar ba. A duk mutanen can, shi kaɗai nake yi wa fatan alheri ba tare da na tsaya tunani ba.

Ranar awo ta farkon shekara ba ta fita raina. Ku tsaya a layi daga ku sai gajeren wando, wata mata na bi da wani ɗan ƙarfe kamar awartaki, tana tsunkulo fatar ciki da ta cinya tana rubutawa. In kitsenka ya wuce abin da suke so, a rubuta sunanka a allo kowa ya gani. Kullum da safe a ɗora ka a sikeli, a duba launin fitsarinka a kofi. A bayan wuyanka akwai wata na'ura kamar akwatin ashana da ke bin duk takun da ka yi. Ka ce ka gaji, su buɗe kwamfuta su nuna maka ba ka gaji ba. Na taɓa raka Yaya Musa kasuwar raƙuma a bayan Giza, na ga dillali yana buɗe bakin raƙumi yana latsa masa tozo, sai ranar awon nan ta faɗo mini a rai. Washegarin wasa, cikin tsananin sanyi, a kwashe ku zuwa bakin teku a ce ku shiga har ƙugu, wai yana kwantar da kumburi. Litinin a tara ku a ɗaki a maimaita kuskurenka a bango sau biyar gaban mutum arba'in, koci ya tsayar da hoton ya ce ka gaya wa 'yan'uwanka abin da kake tunani a nan. Alhamis da yamma a fitar da sunayen masu bugawa. In ba ka ciki ka sauka rukunin ƙasa, inda 'yan kallo ba su fi masu sallar asuba yawa ba, ka fasa jikinka daidai yadda za ka fasa shi a babban fili.

Kafin kowane wasa nakan yi rabin awa a kan benci, wani dattijo yana naɗe ni da fulasta: idon sawu biyu, kafaɗa, sannan yatsu, biyu-biyu yake haɗe su. Wata Asabar ƙwallo ta sauko a kan tsinin yatsana na tsakiya, na duba na ga ya kwanta gefe kamar yana nuna wa wani hanya. Mai kula da rauni ya rugo, ya ce in kalli 'yan kallo, ya fizge shi ya koma. Ya naɗe, ya bubbuga mini kafaɗa, na koma tsalle. Duka bai kai minti ɗaya ba. Yatsu bakwai aka yi wa haka. Yau ba na iya dunƙule hannun dama, maɓallin wuyan riga ma matata ke sa mini.

Masu sayen wannan haja su ne 'yan kallo, kuma ba zan ce duka miyagu ne ba. Akwai wata tsohuwa da ta saƙa mini hular sanyi mai launin kulob. Amma ɗan kallo in ya sayi kujera, gani yake har da kai ya saya. Wata rana ina tsaye a bakin layi ina jiran a jefo ƙwallo, wani mutum a sahun gaba ya kira ni da sunan dabbar daji, ya kwaikwayi kukanta. Ba shi ne na farko ba, amma wannan karon kyamara ta kama. Kulob ya kira ni ofis. Suka ce abin ya yi musu ciwo ƙwarai, sannan suka ce mutumin ya yi nadama, zai yi kyau a ga mun gaisa. Aka kawo shi, aka tsayar da mu gaban tutar kulob, na ba shi hannu, aka ɗauka. Mai hoto ya ce ban yi murmushi ba, a sake. Sau uku na gaisa da shi. Daga nan na zama ɗan hoto. Duk makarantar da za a je, duk taron da ake son a nuna cewa wasan na kowa ne, Haruna za a tura, ɗan gudun hijirar da ya yi nasara. Na ba da labarin Arba wa Nus har na gaji, gaban Turawa masu riƙe da kofi. Yunwa da ƙazanta suke son ji. In na ce Baba gwani ne a ɗinkin takalmi, ba mai rubutawa. Akwai makon da fuskata ke kan allon talla a bakin titi, sunana kuma ba ya cikin masu bugawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai daɗi. Akwai lokacin da za ka tashi sama ka ji ka wuce abokin karawarka da tsawon hannu, ka taɓa ta a hankali ta sauka a ƙirjin naka yana cikin gudu, bai ko rage sauri ba, fili ya ɗauki ƙara har ka ji ta a haƙarƙarinka. Wannan bai wuce daƙiƙa biyu ba. Shi ake yankowa a sa a waya, shi kuka gani.

Shekara ta shida ita ce baƙar shekarata. Mik ya riga ya ajiye wasa, kulob ya kawo wani dogo daga wani gari ya zama na farko, ni na zama dogo na biyu. Dogo na biyu shi ake sakawa ya hutar da na farko, kuma shi ake fara cirewa in an ga dama. Amma a shekarar na buga kusan duka wasannin, jikina ya zauna, har muka kai zagayen da duk wanda aka doke sai gida. Kulob ɗin ya daɗe bai kai nan ba. Gari ya ɗauka, ana rataya tuta a tagogi.

Laraba da yamma, mun tashi daga atisaye ke nan, Yaya Musa ya kira. Ya ce an kwantar da Baba, numfashi ne, likita ya ce a sanar da na nesa. Mahaifinka, Basiru, ka san ba mai yawan magana ba ne.

Ya ce, "Haruna, ya tambaye ka sau biyu. In za ka zo, yanzu ne."

Akwai jirgi washegari da safe. Da na hau shi, da Juma'a ina Alƙahira. Na shiga wajen koci. Bai hana ni ba, wannan zan shaide shi. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce uba ya fi ƙwallo, in na tafi ba mai ganin laifina. Sannan ya juyo da kwamfuta ya nuna mini dogayen kulob ɗin da za mu kara da su, su biyu, ya ce ba shi da wanda zai tsaya musu sai ni. Ya tuna mini kwantiragina na ƙarewa a ƙarshen shekara, kuma irin wannan wasan ake tunawa in an zauna shawara. Ya ce da kansa zai sa a yanka mini tikitin Asabar, daga fili sai filin jirgi. Na tambaye shi kai tsaye ko zan buga.

Ya ce, "Ka ji daga bakina, Asabar kana ciki."

Na kira Yaya Musa na ce sai Lahadi. Ya ce tamam, ya ji. Ya kara wa Baba wayar a kunne. Ban ji komai ba sai numfashi, da wata kalma ɗaya da har yau ban gane ta ba. Alhamis sunana ya fito.

Asabar aka tashi da ruwa. Ba irin yayyafin Alƙahira ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Duk wanda ya san wasan ya san abin da ruwa ke nufi: ƙwallo ta yi santsi kamar sabulu, ba mai cafe ta a sama, wasa ya koma ƙasa, ya zama na gajeru masu sauri. Ni ma na sani. Na zauna aka naɗe ni tsaf, yatsu, sawu, kafaɗa. Saura awa ɗaya da rabi mataimakin koci ya dafa ni ya ce in zo. A lungun da ake ajiye ƙwallaye ya gaya mini an canza shawara, za a sa wani gajere a gurbina, saboda ruwa ne ba don wani laifina ba. Koci bai zo da kansa ba, wai yana cikin shiri. Na koma wajen dattijon, ya sa almakashi ya yanke fulastar da ya gama naɗawa, bai ɗaga kai ya dube ni ba. Na sa kwat ɗin kulob, don haka ƙa'ida ta ce, na hau sama na zauna cikin waɗanda ba sa bugawa. An hana mu riƙe waya lokacin wasa. Muka ci. Na sauko na shiga da'ira, an rungumi juna ana rera waƙar kulob, ni ma na rera. Da na buɗe lokata, akwatin da na bar wayata a ciki, na tarar da kira goma sha ɗaya. Baba ya cika da safiyar Alƙahira, daidai lokacin da muke hutun rabin lokaci. Kafin jirgina ya tashi an kai shi.

Na iso Lahadi na tarar da tabarmi shimfiɗe a layi. Yaya Musa ya karɓi gaisuwata kamar yadda ya karɓi ta kowa. Sai a rana ta uku ya tambaye ni ko mun ci wasan. Na ce mun ci. Ya ce ni nawa na ci. Na ce ban buga ba. Ya dube ni, ya tashi ya shige gida. Daga ranar ba mu ƙara tayar da zancen ba, shi ya sa ba ka taɓa ji ba. Kulob kuwa furanni ya aika gidan Gwaggo a Melbon, ta rasa abin da za ta yi da su.

Na koma, aka ba ni shekara ɗaya, aka ƙara ɗaya. Gwiwar dama ta tafi a ta takwas. Ba wani abin kallo ba ne, tsalle ne irin na kullum a rukunin ƙasa, ƙashi ya haɗu da ƙashi, na ji wani abu ya tsinke a bayan gwiwar kamar igiyar guga. Da ma shekara biyu ke nan ana zuƙe mata ruwa da sirinji ranar Litinin, a yi mata allurar kashe zafi ranar Asabar. Likitan mutumin kirki ne, amma kulob yake yi wa aiki. Tambayarsa kullum ita ce ko zan iya bugawa, ba ko zan iya tafiya in na kai arba'in ba. Aka yi tiyata. Ƙarshen shekara aka kira ni wani ɗaki, ina dogara sanduna. Mutum uku a bayan tebur, da kwalin tishu an riga an ajiye a inda zan zauna. Suka gode mini, suka ce ba su da gurbina a shekara mai zuwa, amma nan gidana ne har abada. Na duba agogon bango da na shiga, na duba da zan fita, minti tara. Aka ba ni baƙar leda in kwashe kayana. Washegari na dawo ɗaukar takalmin da na manta, katin da nake buɗe ƙofa da shi ya ƙi. Shekarata ashirin da bakwai, ba sana'ar hannu, ba takardar makaranta.

Na yi gadin ƙofa, na yi ɗaukar kaya a sito, gwiwa ta hana. Da Gwaggo ta rasu ban ga abin da ke riƙe ni ba, na dawo. Yanzu kun san aikina: in hau mikrobas, ƙaramar bas, da jirgin metro zuwa unguwar Zamalek, wani gidan motsa jiki, ina tsaye kan ma'aikatan ofisoshin jakadanci da matansu suna ɗaga ƙarfe. Bara wani ɗan Ostareliya ya zo, ya yi ta kallona, can ya buga cinya ya ce ya gane ni. Na ɗauka wani tsalle zai tuna. Ashe ranar da na tsaya gaban sanduna, taku goma, ba kowa a gabana, na buga ta fita waje, ita ya riƙe. Ya kwaikwayi yadda na saki ƙwallon, yana dariya har da hawaye, ya nemi mu yi hoto. Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, aiki nake yi.

A masallacin layinmu akwai kujerun roba huɗu a ƙarshen sahu ta dama, na waɗanda ba sa iya sujada. Ɗaya ta wani dattijo ce da ya haura tamanin, ɗaya ta wani da ciwon suga ya cinye wa ƙafa, ɗaya ta wani tsohon direba Bamisire. Ta huɗu tawa ce. Ban kai arba'in ba, kuma shekara shida rabon goshina da ƙasa. Ranar farko da na ja ta na zauna, tsohon direban bai san ni ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ta marasa lafiya ce, in ji tsoron Allah in tashi in yi sallata kamar sauran samari. Na naɗe ƙafar wandona na nuna masa gwiwar, da ɗinkin, da yadda ta kumbura ta karkace. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ya ibni, ɗana, yaƙin Sudan ne?"

Na ce a'a, wasa ne.